Tana ta cika mini fangalin salati, in zuba magani ko in bar ta?

Ɗan Gamkalle:
Salamu alaikum jama'a. Ina da ɗan lambu nan bakin kogin Isa, bana na zuba takin shanu sosai, yanzu duk inda na sa hauya sai tana ta fito tana mutsu-mutsu. Maƙwabcina ya ce in sayo magani wai ita ke cin saiwar salati, uwargida kuma ta hana yara taɓa ƙasar wai nan ake ɗaukar tsutsar ciki. Don Allah wanda ya sani ya fahimtar da ni kafin in kashe kuɗina.

Malama SVT:
Wa alaikumus salam. Malam don Allah kar ka zuba komi, wannan arziki ne ya shigo maka lambu. Tana ba ta da haƙori ma, ruɓaɓɓen ganye da taki take haɗiya tare da ƙasa, kashinta ɗin nan da kake gani dunƙule-dunƙule da safe taki ne mai kyau, ramukan da take haƙa kuma su ke sa ruwa da iska su kai ga saiwa. Darwin ma, masanin halittun nan na Ingila, sai da ya yi littafi guda a kanta a 1881. In ka ga an datse shuka daga gindi ka tona ka duba, galibi gwazarma ce ko gara.

Ka ɗauki ɗaya ka duba da kyau, jikinta zobe-zobe ne jere, in ka shafa cikinta daga wutsiya zuwa kai za ka ji ɗan kaushi, ƙananan gashi ne da take dafe ƙasa da su. Ba ta da huhu, ta fata take numfashi, shi ya sa dole fatar ta zauna da danshi, in rani ya yi sai ta nutsa ƙasa ta naɗe ta jira ruwa. Kowace ɗaya mace ce kuma namiji, amma dai sai biyu sun haɗu, kumburin nan kamar ɗamara kusa da kai shi ke fidda ɗan ƙunshin da ƙwai ke ciki.

Ka gaya wa uwargida tsutsar ciki wani dangi ne daban, jikinta sumul ba zobe. Ƙwanta daga bayan gidan mutum yake shiga ƙasa, to wanke hannu da wanke salati da kyau shi ne maganar. Kurkunu ma can dangin tsutsar ciki yake, wanda aka tabbatar Nijar ta rabu da shi a 2013.

Ba'adare:
Malama ta hwaɗi gaskiya. Ni abin da ka ba ni mamaki, wai matsattsaku ɗan uwan tana ne, shi ma zobe-zobe. Mu nan Tahoua mun san shi wajen tabki, saniya ta sha ruwa ya maƙale mata a maƙogwaro ko hanci, ka ga jini na ɗiga kwana da kwanaki tana tari ba ta kiwo. Yawunshi na da wani sinadari, hirudin, da ke hana jini daskarewa. Kar a fizge shi da ƙarfi, a kira likitan dabbobi. Kuma a Amurka tun 2004 an yarda likitoci su riƙa sa wani irinshi ya zuƙe jinin da ya taru bayan tiyata, Allah mai iko.

Ɗan Gamkalle:
Na gode ƙwarai. To waɗanda hauya ta raba biyu fa, da gaske kowane guntu zai zama tana?

Malama SVT:
A'a, ba ta zama biyu. Ɓangaren kai in ya fita da tsawo yakan iya sake tsirar da wutsiya, ɗayan mutuwa yake. Shi ya sa gara ka rage kaftu mai zurfi, ka rufe fangalin da busasshiyar ciyawa don danshi ya zauna. In kana da ƙarfin hali ma ka haƙa rami a inuwa ka tara taki da ɓawon kayan miya ka zuba tana ciki. Irin da ake kiwo don yin taki har ƙasashen waje, Eudrilus eugeniae, asalinta nan Afirka ta Yamma ne. Ka dai kiyaye kaji, in suka gano ramin sun gama da shi.