Mahaifina ya faɗi da dare bayan ya koma shan doksazosin: a daina maganin ne ko a ci gaba?

Ɗan Dattijo:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar magani, ko kuma suka taɓa fama da irin wannan lalura. Mahaifina yana da shekara 68, kuma ya daɗe yana shan amlodifin saboda hawan jini. Wata huɗu da suka wuce aka gano cewa furostet ɗinsa, wato ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ya kumbura, shi ya sa yake tashi fitsari sau huɗu ko biyar a dare, fitsarin kuma ba ya fita sai da yunƙuri. Likita ya ɗora shi a kan doksazosin, aka fara da miligiram 1, aka riƙa ƙarawa sannu a hankali har aka kai 4, kuma gaskiya ya samu sauƙi sosai.

To sai maganin ya ƙare, ni kuma na yi sakaci ban sayo wani ba har kwana tara. Ranar da na kawo, ya sha ƙwayarsa ta miligiram 4 da misalin ƙarfe goma na dare kamar yadda ya saba, ya kwanta. Wajen ƙarfe biyu na ji ƙarar faɗuwa, na tarar da shi yashe a bakin ƙofar banɗaki, gumi ya jiƙa masa goshi, yana cewa duhu ne ya rufe masa ido tun lokacin da ya miƙe daga gado. Bai karye ba, sai dai ya fasa gira. Yanzu ya ce shi da wannan magani har abada, ni kuma tsoro nake ji kada fitsarin ya sake matsa masa.

Tambayata biyu ce. Shin maganin ne bai karɓe shi ba, ko kuwa tsallaken da aka yi ne ya jawo haka? Sannan tunda an ce doksazosin ma yana saukar da jini, ba za a iya ajiye amlodifin a bar shi da ƙwaya ɗaya ba?

Mai Harhaɗa Magunguna:

Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Kafin komai, dattijon da ya bugu a ka ya kamata likita ya duba shi ko da raunin ƙarami ne, musamman idan yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini. Idan ka ga yana amai, ko yana yawan barci, ko maganarsa ta rikice, kada a jira gari ya waye.

Abin da ka kwatanta sananne ne, kuma bisa dukkan alamu tsallaken kwana taran nan ne silarsa. Doksazosin yana cikin magungunan da ake kira alfa-buloka, tare da firazosin da terazosin da alfuzosin da tamsulosin da silodosin. Aikinsu shi ne su sassauta wasu siraran tsokoki da ke wuyan mafitsara da cikin furostet, domin hanyar fitsari ta saki. Irin waɗannan tsokoki kuma su ne a bangon jijiyoyin jini. A al'adar jiki, da zarar mutum ya miƙe tsaye jini yakan gangara ƙafafu, sai jijiyoyin su matse nan take su kora shi sama zuwa ƙwaƙwalwa. Idan magani ya hana su matsewa da sauri, ƙwaƙwalwa takan rasa isasshen jini na ɗan lokaci, daga nan sai jiri, sai duhun ido, wani lokaci har suma. Da doksazosin an fi ganin haka tsakanin awa 2 zuwa 6 bayan sha, ka ga kuwa Baba ya faɗi ne bayan awa huɗu.

Dalilin da ya sa likita ya fara da miligiram 1 ke nan, don jiki ya saba kafin a ƙara. Amma wannan sabo ba ya daɗewa idan aka ajiye maganin, shi ya sa takardar da ke cikin kwalin ta ce wanda ya tsallake kwanaki ya koma kan ƙaramin adadin farko. Jikin Baba ya riga ya koma kamar na wanda bai taɓa sha ba, aka ba shi ninki huɗu na abin da ake farawa da shi, ga kuma amlodifin yana nasa aikin. A ganina wannan gargaɗi ne da ya kamata a riƙa faɗa wa kowane majinyaci da baki ranar da aka fara ba shi maganin, domin kaɗan ne ke karanta takardar nan mai ƙananan rubutu.

Kada ku sake ba shi miligiram 4 ɗin, kuma kada ku yanke shawarar rarraba ƙwayar da kanku, domin akwai nau'in da aka yi shi ya narke a hankali, wanda ba a fasawa ba a taunawa. Ku koma wurin likitan ku gaya masa adadin kwanakin da aka tsallake.

Mai Fama Da Irinta:

Ɗana, ni sa'an mahaifinka ne, kuma shekara uku ke nan ina shan tamsulosin, miligiram 0.4 sau ɗaya a rana, rabin awa bayan cin abinci. Da terazosin aka fara mini, amma jirin ya dame ni, sai likita ya sauya mini wannan, ya ce ya fi karkata ga furostet fiye da jijiyoyin jini. Jirin ya ragu ƙwarai, ko da yake bai tafi gaba ɗaya ba. Har yau idan na farka da dare nakan zauna a bakin gado, ƙafafuna a ƙasa, in ɗan motsa su kamar minti ɗaya, sannan in dafa bango in miƙe. Nakan bar ƙaramar fitila a kunne a hanyar banɗaki, kuma a zaune nake fitsari, domin yunƙurin fitsari a tsaye cikin dare shi kansa yana iya kayar da mutum.

Akwai abubuwa biyu da dattijo ba zai faɗa wa ɗansa ba, don haka bari in faɗa a madadinsa. Na farko, tamsulosin da silodosin sukan rage fitar maniyyi, wani lokaci ma ba ya fita sam; ba cuta ba ce, kuma yakan dawo idan an sauya magani, amma na san wanda ya ajiye maganinsa a ɓoye saboda wannan. Na biyu, magungunan ƙarfin maza irin su sildenafil, wanda aka fi sani da Viagra, su ma suna buɗe jijiyoyin jini, idan suka haɗu da alfa-buloka jini yana iya yin ƙasa sosai. Ka bar shi da likita su kaɗai na ɗan lokaci don ya samu sakewar yin magana.

Sai kuma batun ido. Lokacin da za a yi mini aikin yanar ido, tambayar farko da likitan idon ya yi mini ita ce ko ina shan maganin furostet. Ya bayyana mini cewa tun 2005 aka gano tamsulosin yana sa baƙin ido ya yi laɓo-laɓo yayin tiyata, har ga wanda ya daɗe da daina sha. Bai ce in ajiye ba, shiri kawai ya yi na musamman. Idan Baba yana da yanar ido, ku sanar da likita kafin a zaɓa masa magani.

Ma'aikaciyar Jinya:

Zan taɓo tambayarka ta biyu, domin ba a amsa ta ba. A'a, kada a ajiye amlodifin don an samu doksazosin. Gaskiya ne alfa-buloka na farko don hawan jini aka yi su, daga baya aka lura suna sauƙaƙa fitsari. Amma a wani babban bincike da aka yi a Amurka mai suna ALLHAT, a shekarar 2000 aka dakatar da rukunin masu shan doksazosin tun kafin wa'adi, saboda gazawar zuciya a cikinsu ta kai kusan ninki biyu ta waɗanda aka ba kulotalidon, wanda maganin sa fitsari ne. Tun daga lokacin ba a fara jinyar hawan jini da doksazosin shi kaɗai. Ƙari ake yi da shi idan wasu magungunan ba su wadatar ba. Tamsulosin kuwa ba maganin hawan jini ba ne ko kaɗan.

Abin da zai taimaki likita shi ne awo. Idan kuna da na'urar awon jini, Baba ya kwanta minti biyar a auna, sannan ya miƙe a sake aunawa bayan minti ɗaya da kuma bayan minti uku, wani yana riƙe da shi. Idan lambar sama ta sauka da 20 ko fiye, ko ta ƙasa da 10 ko fiye, to jininsa yana faɗuwa idan ya tsaya. Ku rubuta lambobin na kwana biyu ko uku ku tafi da su.

Tsoron da kake ji game da fitsarin yana kan hanya. Alfa-buloka ba ya rage girman furostet, sassauta shi kawai yake yi, shi ya sa alamun ke dawowa idan an daina. Finasterid ne ke rage girman, amma yakan ɗauki kamar wata shida, kuma yana saukar da sakamakon PSA, wato gwajin jinin da ake yi don duba furostet, da kusan rabi, don haka duk mai duba gwajin sai ya san ana sha. A wannan tsakanin da Baba ba ya shan komai na furostet, ku kiyaye shi da magungunan mura masu buɗe hanci da na ƙaiƙayi masu sa barci, domin suna iya riƙe fitsari. Idan mararsa ta cika tana ciwo kuma fitsari ya ƙi fita, asibiti za a tafi nan take a sa masa roba.

Ɗan Dattijo:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun ga likita jiya, ya duba kan Baba ya ce raunin na fata ne kawai. Awon da muka yi a gida ya nuna lambar sama 138 a kwance, 121 a tsaye, ya ce zai ci gaba da bibiya. Ya bar amlodifin yadda yake, ya sauya doksazosin da tamsulosin bayan ya tambayi batun ido, na kuma fita na bar su suka yi magana su biyu kamar yadda Mai Fama Da Irinta ya ba da shawara a sama. Mahaifina ya yarda zai sha, za mu koma bayan mako huɗu, kuma na sa tunatarwa a wayata don in riƙa sayo magani saura kwana bakwai ya ƙare.