Neman kalma: me za mu kira texture? Darasina ranar Asabar ne

Mushe na Ali Ɗan Sofo: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ranar Asabar zan ci gaba da koya wa yara Blender, manhajar ƙera siffofin abubuwa (3D) a kwamfuta, yawancinsu ƴaƴan kafintoci da magina ne, faransancinsu bai taka kara ya karya ba. Mun wuce gina siffa, na ce musu "ƙira", sun gane. Yanzu mun iso inda ake ɗauko hoton katako ko bulo a manna kan ƙirar don ta daina zama toka-toka, wato texture. Kafin Juma'a zan kai takardar wurin bugawa. Me zan rubuta?

Ƴar Bagalam: Launi mana, Mushe.

Mushe: Launi da gurbinsa daban, Hajiya. Kina iya mayar da tebur ja ba tare da hoto ba. Wannan kuwa hoto ne, galibi fiksel (ɗigon hoto) 1024 ko 2048 kowane gefe, har jijiyar katakon tana ciki.

Tsohon Magini: Shafe. In munka gama jera tubali sai mu yi shafe, mai hali shi sa makuba. Ɗakin bai ƙaru ba, bai ragu ba, fuskarshi ce ta sake. Ba shi ke nan kake nufi ba, yaro?

Mai Ƙirƙira: Da girmamawa Baba, shafe na masu kwaɓa laka ne. Sabon ilimi sabuwar kalma yake so. Ga tawa: KAUSANTSI. Kaushi da santsi a haɗe. Ai ma'anar kalmar ke nan, abin da hannu ke ji in ya shafa.

Ƴar Bagalam: Kai ma ka ce "in ya shafa". Ka dawo gidan Baba ba ka sani ba.

Mai Ƙirƙira: Kausantsi, kausantsa, kausantacce. Ku ji yadda take juyuwa! Wace kalma ta taɓa haihuwa haka a rana ɗaya?

Bakano a Maradi: Ku yi haƙuri, amma daidaitacciyar Hausa ba ta karɓar irin wannan haɗe-haɗen. A rubuta "yanayin saman abu". Sannan 'yan uwa, wannan y mai ƙugiya da kuke sawa ba ta cikin ƙa'ida.

Ɗan Mokoyo: Ƙa'idar wa? Nijar tana da tata ƙa'idar rubutu tun 1999, kuma ƴ na ciki. A 2025 kuma Hausa ta zama harshen ƙasa a nan. Mu da kakanninmu sunka baro Katsina da Hausarsu tun zamanin jihadi, ba mu jiran takardar izini daga Kano.

Bakano a Maradi: To ku daina cewa lakwal da mushe mu gani.

Ɗan Mokoyo: Ranar da kuka daina cewa fensir da firamare.

Mushe: Jama'a, Juma'a fa. "Yanayin saman abu" ba ta aikatuwa. Yaya zan ce wa yaro ya sa ta a bango? Ina son kalmar da ke da aikatau.

Ɗan Majema: Ni kalmar tekstir ba ta dame ni ba, matakin da ke gabanta ne zai ba ka wuya, wanda ake kira UV. Hoto shimfiɗaɗɗe ne, ƙira kuma tana da ciki da baya da lungu. Kafin hoton ya zauna sai ka zaɓi layukan da za a tsaga, na'ura ta buɗe fuskar ƙirar ta baje ta. Mu a gidanmu wannan fiɗa ce. Jar akuyar Maradi da duniya ta san fatarta, ta ciki ake tsaga ta, inda ido ba ya kaiwa, don bayan ya fita lafiya. Haka a Blender, ka ɓoye tsagar a ƙarƙashin tebur ko bayan kujera. In ka tsaga ba daidai ba, hoton ya miƙe a wani wuri ya tattare a wani, kamar fatar da aka ja da ƙarfi wajen shanya. Ka ce musu "ku feɗe ƙirar", wallahi ba sai ka ƙara bayani ba.

Mushe: Allah ya yi maka albarka. Fiɗa ta shiga takarda yanzun nan.

Ƴar Bagalam: To in an feɗe, abin da ake mayarwa ai fata ce. A ce fata kawai.

Mushe: Na so haka, sai dai ranar da za mu sa hoton fata a kan kujera zan ce "ku sa fatar fata". Shafe ta fi: shafen katako, shafen bulo, shafen fata. Ku shafa, ku cire shafen.

Mai Ƙirƙira: To wanda ke sa bango ya yi gurbi-gurbi fa? Nan ne shafe za ta gaza, kausantsi ta shigo.

Mushe: Iri biyu ne. Akwai mai yaudarar haske kawai, inuwa ta fito amma in ka dubi gefen ƙirar sumul yake. Akwai kuma mai tura fuskar ƙirar da gaske, shi ne ke cin ƙarfin kwamfuta.

Tsohon Magini: Na farko kaushin ido, na biyu kaushin gaske.

Bakano a Maradi: Kaushin ido ba laifi. Shafe dai har yanzu ban gamsu ba, wani zai ɗauka gogewa ake nufi, kamar an shafe rubutu.

Mushe: Wannan gaskiya ne, kuma ya dame ni. Zan rubuta shafe, in sa tekstir kusa da ita a shafin farko, tunda ita za su gani a allon na'ura. In yara sun rikice ranar Asabar zan dawo in faɗa.

Mai Ƙirƙira: Ni dai a darasina kausantsi zan ce.

Ɗan Mokoyo: Kana da ɗalibai ne?

Mushe: Baba, in akwai bangon makuba kusa da ku, a ɗaukar mini hotonsa tsaye daga gaba, da safe kafin rana ta jefa inuwa. Da shi nake son mu fara.