Kafin Yaro Ya Buga wa Jami'a Wasa a Amurka

Iyaye da masu horar da 'yan wasa sun tattauna kan sharuɗɗan karatu da NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ke gindaya wa ɗaliban sakandare, kuma bakinsu ya zo ɗaya: a fara shiri tun shekarar farko ta babbar sakandare.

Hukumar ta kasa jami'o'i rukuni-rukuni. A rukuni na ɗaya, dole yaro ya kammala darussa 16 da hukumar ta amince da su, ciki har da Turanci na shekara 4 da lissafi na shekara 3, da matsakaicin maki 2.3 cikin 4. Rukuni na biyu 2.2 yake nema. Inda yara suka fi faɗawa rami shi ne ƙa'idar rukuni na ɗaya ta kammala darussa 10 kafin shekarar ƙarshe ta sakandare, 7 daga cikinsu a Turanci, lissafi ko kimiyya. Da zarar lokacin ya wuce, ba a gyara makinsu. Wani mai horarwa ya ce ya sha ganin haziƙin ɗan wasa ya zauna a benci shekara guda saboda wannan. A rukuni na ɗaya, wanda makinsa ya tsaya tsakanin 2.0 da 2.3 yana iya samun tallafi da atisaye, amma ba zai buga gasa a shekararsa ta farko a jami'a ba.

Tun 2023 NCAA ta daina neman sakamakon jarrabawar shiga jami'a ta SAT ko ACT, sai dai wasu jami'o'i suna nemansu. An kuma ja kunnen iyaye su tabbatar darussan makarantar ɗansu suna cikin jerin da hukumar ta amince da shi.