Waɗanda suka sa jitar lantarki kuka, ku ba mu labari

Mai tambaya, daga Kawo:
Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan ina koyon jitar lantarki. A wani biki a Barnawa na ji wani ya riƙe sauti ɗaya yana jansa, sai da tsigar jikina ta tashi, kamar mace na kuka a uwar ɗaka. Na koma gida na gwada, tawa sai ƙara take kamar ana yanka kwano. Yayyena, yaya kuka yi kuka samu wannan muryar?

Daga Sabon Tasha:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Tura tsirkiya ka ji. Danna tsirkiya ta uku a gaɓa ta 7 (gaɓoɓi su ne rabe-raben da ƙananan ƙarafa suka yi a wuyan jita) da yatsan zobe, biyu na bayansa su tallafa masa, ka tura ta sama har sautin ya kai na gaɓa ta 9. Shekara guda na yi ina tsayawa a rabin hanya ban sani ba. Maigidana ne ya ce in fara kaɗa ta 9 kunnena ya riƙe, sannan in tura in cim mata. Ka sa tsirkiya mai laushi, siririya, wadda ake kira lamba 9. Da masu kauri na fara, cikin hunturu, har kan yatsuna suka tsage.

Daga Tudun Wada:
Ni a wurin kawuna na koya, shi kuwa goge yake yi, bai taɓa riƙe jita ba. Goge ba shi da gaɓoɓi, yatsa ne ke yawo a kan izgar doki, shi ya sa yake magana kamar mutum. Na kaɗa masa, ya ce, "Ɗana, kana isa kana rawar hannu. Mai kuka sai ya ja numfashi tukuna muryar ke karkarwa." Tun ranar, in na kai sautin sai in bar shi ya tsaya cak na ɗan lokaci, sannan in girgiza shi a hankali daga wuyan hannu. Ka kalli hannun B.B. King, shahararren makaɗin jita na Amurka, za ka ga inda girgizar ke fitowa. Wani lokaci kuma ƙaramar kwalbar magani nake sa wa a ƙaramin yatsa, in zame ta daidai saman ƙarfen gaɓa ba tare da na danna ba. Wannan ya fi komai kusa da goge.

Daga Kakuri:
Duk da haka fedar wah, na'urar da ake takawa da ƙafa tana sauya muryar jita, na da amfaninta. A 1967 ta shiga kasuwa, makaɗin jita Jimi Hendrix na cikin waɗanda suka sa ta yi suna, akwai ma wadda sunanta Cry Baby. Ka taka da diddige murya ta rufe, ka taka da yatsun ƙafa ta buɗe. Da farko takawa nake tare da ganga, ba daɗi. Buɗe ta sannu a hankali lokacin da kake tura tsirkiyar. Kuma ka riƙa rufe ta da tsumma: ƙurar hunturu ta shiga tawa, ta koma ƙaraf-ƙaraf ana tsakiyar wasa. Batirinta mai bolt 9 kada ya bar aljihunka.

Daga Narayi:
Rage muryar jitar gaba ɗaya da maɓallin murya da ke jikinta, kaɗa, sannan ka buɗe shi da ƙaramin yatsa; sautin zai shigo ba a ji bugunsa ba. In kana so ya daɗe, matsa kusa da sifika ka fuskance ta, amma tafin hannunka ya kwanta kan sauran tsirkiyoyin.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka. Daren jiya na gwada ta gaɓa ta 7, sau uku cikin goma na kai. Yaya na Tudun Wada, kwalbar ta taɓa ta 9 ɗin ne kai tsaye, ko daga ƙasa zan zamo da ita?