Ƙanena zai cika fom ɗin Makarantar Lauyoyi, amma yana da tabo a fayil

Maman Hanif: Salamu alaikum. Ƙanena ya kammala digirin shari'a bana, yana jiran fom ɗin Makarantar Horas da Lauyoyi. Abin da ke hana shi barci shi ne, yana aji biyu an taɓa samun waya a aljihunsa a ɗakin jarrabawa, kwamitin ladabtarwa ya ba shi gargaɗi a rubuce. Abokansa sun ce ya ja bakinsa ya yi shiru, kada ya ambata a fom ɗin. Waɗanda suka bi hanyar nan, don Allah me kuka gani?

Ɗan Bagauda: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ya kuskura ya ɓoye. Fom ɗin ta ofishin shugaban tsangaya yake bi, fayil ɗinsa kuwa yana can. Dokar lauyoyi ta ce ko ka ci jarrabawar ƙarshe, sai Body of Benchers, wato majalisar manyan lauyoyi da alƙalai mai rantsar da sababbin lauyoyi, sun gamsu da halinka kafin a kira ka lauya. Lokacin da nake reshen makarantar na Kano, akwai wanda muke ɗaki ɗaya, an taɓa dakatar da shi zango guda a jami'a. Ya rubuta gaskiya, ya haɗa da takardar hukuncin. Ya sha tambayoyi, gumi har ya jiƙa masa farar riga, amma rana ɗaya muka sa gashin lauya da shi. Wani kuma da ya rubuta "babu" a gurbin tambayar ko an taɓa hukunta shi, daga baya magana ta fito, muna ji muna gani aka cire sunansa.

Barista Ummi: Ni suna ne ya wahalar da ni. WAEC ta ce Aishatu Mohammed, digiri ya ce Aisha Muhammad Sani, katin ɗan ƙasa kuma wani abu daban. Laifina ne, ban taɓa jera takardun na duba ba. Sai da na yi takardar rantsuwa a babbar kotu, na buga sanarwa a jarida. Yaya, ki sa shi ya baje takardunsa a tabarma yau ɗin nan, harafi bayan harafi, har ranar haihuwa.

Abu Safwan: A Ingila na yi nawa digirin, don haka sai da na fara da Bar Part I, wato karatun share fage na waɗanda suka yi digiri a waje, a hedikwatar makarantar da ke Bwari, Abuja, kafin na haɗu da sauran. Ban samu matsala ba.

Ɗan Bagauda: Na manta, gara ya fara tunanin masu sa hannu tun yanzu. Fom ɗin neman a kira ka lauya yana buƙatar mambobin Benchers biyu su tsaya maka. Ɗan talaka irina da bai san kowa ba, lauyan da na yi zaman koyon aiki a ofishinsa ne ya haɗa ni da su. Kuma tantancewar ba ta ƙarewa ranar rajista. Halartar aji, baƙi da farin kaya, liyafar cin abinci uku, duk ana lura.

Maman Hanif: Allah ya saka da alheri. Na karanta masa, ya yi tsuru-tsuru. Takardar gargaɗin ma ya ce ta ɓace.

Barista Ummi: Ya koma ofishin magatakardan jami'arsu ya nemi kwafi mai hatimi. Ya tafi da lambarsa ta ɗalibta, kuma ya je da sassafe.