Bayan an sha ruwa, me ya fi daɗi a baki?

Baban Hadiza (Wadata): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya a fada gardama ta kaure har shayi na uku ya huce a butar, wai wane abinci ya fi kowane daɗi a duniya. Wani yaro da ya yi karatu a waje ya dage sai rendang na ƙasar Indunusiya, naman sa da ake dafawa cikin madarar kwakwa da kayan yaji har ruwan ya tsotse ƙaf. Ya ce masu karanta CNN sun zaɓe shi na ɗaya a 2011. To ni ban taɓa ɗanɗana shi ba. Tawa tambayar ta fi kusa da gida: bayan an sha, me bakinku yake fara nema?

Ɗan Adar: Bayan an sha mi? Ka ida zance, akwai malamai cikin zauren ga.

Baban Hadiza (Wadata): Ruwa, ɗan nema! Shan ruwa na magariba.

Ɗan Adar: Yauwa. To hura. Hurar hatsi da nonon shanu, a daka cuku a ciki, a sa dabino biyu ko ukku su jiƙa. Wanda bai sha wagga ba a Tawa bayan wuni cikin ranar watan Afrilu, kada ya yi muna zancen Indunusiya. Kuma cukun Abalak nike nufi, mai sawun tabarma a jikinai, wanda in ka karya shi kana jin ƙamshin madara. Na buhu da ya daɗe a kasuwa sai tauri kamar fatar kirgi.

Maman Nafisa (Lazare): Ɗan Adar, fura da magariba ai barci ce. Ka sha ludayi goma, wa zai tashe ka asham? Ni a gidana ƙa'ida ɗaya ce: dabino, ruwan da ba ƙanƙara, a yi sallah, sannan kunun tsamiya da ɗumi. Ƙosai uku ba ƙari. Abinci mai nauyi sai an dawo masallaci.

Injiniya: Uku? Maman Nafisa, uku ai na ɗanɗanon gishiri ne.

Maman Nafisa (Lazare): Shi ya sa kullum kake kukan ƙwannafi. Ciki ya wuni fayau, ka antaya masa ruwan ƙanƙara da soye-soyen mai, me kake jira?

Hajiya Ta Zongo: Ku bar ni in yi maganar dambu, don na ga ba wanda ya tuna da shi. Nan Yamai ba abin da ya kai dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, bayan isha'i, amma fa in an yi shi da haƙuri. Tsakin shinkafa ko na masara a turara shi sau biyu a madambaci, ba sau ɗaya ba. Zogalen a dafa shi daban har ɗacin ya fita, a matse shi sosai, in ba haka ba dambun ya caɓe. Albasa ta Galmi, mai ruwan shuni, rabi ɗanya rabi soyayya. Man gyaɗa na gida, ƙuli dakakke, tattasai, barkono daidai. Wanda yake so ya gutsuttsura soyayyen kifi a sama. Kuskuren ƴan matan yanzu shi ne su cika magi su rage albasa, alhali daɗin a albasar yake. Na ci abinci a Makka, na ci a Kwatano, na dawo dambu bai sauka daga kujerarsa ba.

Bagobiri: Hajiya, wannan ai abincin bayinmu Zabarmawa ne, ganye kamar awaki.

Hajiya Ta Zongo: Kishiyata Bazabarma ce, zan kai mata saƙonka. Ka shirya kwanon da ka saba aikowa da yaro.

Alhaji Mai Goro: Tun da an ambaci Makka. Mandi na mutanen Hadaramaut, rago da shinkafa da aka gasa cikin rami, naman yana zamewa daga ƙashi ba sai ka ja ba. Wannan na yarda ya kai a yi masa tafiya. Amma abin da ya fi dacewa da shan ruwa shi ne harira ta Maroko: romon tumatir da wake-waken su da ɗan nama, ana sha da dabino da wani alkaki nasu mai zuma da riɗi da suke kira shabakiya. Tana shiga ciki a hankali, kamar kunu.

Injiniya: In ana maganar takarda, hukumar UNESCO ta sa kuskus na ƙasashen Arewacin Afirka cikin kayan gadon duniya a 2020, cebujen, shinkafa da kifi na Senegal, a 2021, aceke, turaren garin rogo na Kodibuwa, a 2024. Mu kuwa muna nan muna gardama a fada.

Tsohon Ɗan Abijan: Injiniya ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Shekara goma sha ɗaya na yi a unguwar Ajame cikin Abijan. Ka san me ake kiran aceke da soyayyen kifin tuna a can? Garba. Sunan mutanenmu ne, don ƴan Nijar ne suka shahara da saida shi a bakin titi. Ka je ko'ina cikin Abijan ka ce garba, za a nuna maka rumfa. Acekén da ɗumi, a zuba masa man da aka soya kifin, ɗanyen barkono yankakke, albasa, ka ci da hannu. Kuma tun da Ɗan Adar ya fara tsokana, a can masu fitowa daga mashaya da dare su ma rumfar garba suke nufa, ko wurin romo mai yaji, wai yana warware musu kai. Mu muna saida musu, muna yi musu addu'ar shiriya.

Malam Na Bukoki: Allah ya shirye mu baki ɗaya. A koma kan ruwa.

Bagobiri: To romon ne ma zan kawo. Malku. Kai da ƙafa da aka bari kan gawayi tun la'asar, har romon yana manne leɓe. Ka tsoma burodi mai ƙamas. Sai dai ku yi hankali da inda kuke saye. Bara na biya jika biyu a wani wuri da ba zan kira suna ba, ashe ɗumamen jiya ne aka ƙara wa ruwa da barkono. Kwana biyu ban san inda kaina yake ba.

Maman Nafisa (Lazare): Alama mai sauƙi: romon ƙwarai in ya huce yana daskarewa. Wanda ya tsaya tsululu an yi masa ƙari.

Baban Hadiza (Wadata): Har yanzu ba wanda ya ce kilishi. Ko mun raina shi don namu ne?

Ɗan Adar: Ba raini ba ne, lokaci ne. Kilishi na bayan asham ne, ana hira ana shan shayi. Ka ci shi da sahur, gishiri da yaji su sa ka neman rijiya tun hantsi. In za ka saye, ka tambayi na Madawa. Akwai ja, akwai fari, akwai rumuzu wanda ba a tsoma shi cikin labu ba, mai da gishiri da ɗan yaji kaɗai. Ni rumuzu nike so, nan ne ake gane ko naman na ƙwarai ne, don ba abin da zai ɓoye mai aibi. Ka ɗaga shi ga haske, in ya yi kauri ba ka ganin komai, bai bushe ba.

Hajiya Ta Zongo: Ni haƙorana sun sallami rumuzu. Farin dai, mai labu da yawa.

Ƴar Tabalak: Ina karantawa ina dariya. Ku mutanen Yamai kuna da kogi a ƙofar gida amma ba wanda ya ce kifi sai a kan dambu. Giwan ruwa gasasshe da lemun tsami da albasa fa? Mu nan karfasar tafkinmu muke soyawa, kuma duk motar da ta bi hanyar Agadas sai ta tsaya.

Injiniya: Giwan ruwa ta zama ta masu ofis, ƙanwata. Mu sai tarwaɗa.

Malam Na Bukoki: Ni dai ba ku tambaye ni ba, amma ɗumamen tuwon hatsi da miyar kuka, da ɗan man shanu, lokacin sahur. Shekara arba'in ban canza ba.

Baban Hadiza (Wadata): Malam, an ce bayan shan ruwa.

Malam Na Bukoki: Sahur ba bayan shan ruwa yake zuwa ba?

Baban Hadiza (Wadata): Na sallama. Ɗan Adar, cukun nan na Abalak, ana iya samu kafin goman ƙarshe?

Ɗan Adar: Ƙanena na tahowa Yamai ran Alhamis da motar safe. Wanda ke so ya faɗi ganye nawa tun yau, in sa a ɗaure.

Hajiya Ta Zongo: Sa mini ashirin. Kuma ya biyo ta Galmi da idonsa buɗe, ina son rabin buhun albasa.

Bagobiri: Ni goma. Hajiya, yaron yana hanya da kwanon.