Zaurancen 'yan tebur: kalmomin nan sun taimake ku ko sun kore ku?

Mai Jan Zare

Salamu alaikum 'yan'uwa. Daren Asabar da ta wuce na kawo ƙanina teburinmu karo na farko. Ga waɗanda ba su san abin ba, mu biyar ne muke zama, kowa da jarumin da ya ƙirƙira a takarda. Mutum ɗaya yana jan labari, sauran su faɗi abin da jarumansu za su yi, sai a jefa dayis a ga ko abin ya yiwu. Dungeons & Dragons muke bugawa, fitowa ta biyar, wadda aka saki a 2014. Yaron nan ya yi awa biyu cur bai ce uffan ba. Muna hanyar gida sai ya ce min, "Yaya, ai zaurance kuke yi. Wannan ya ce d20, wancan ya ce NPC, wani ya ce AC ɗinsa 16. Ji na yi kamar na shiga bikin da ba a gayyace ni ba."

Maganar ta tsaya min a rai. Ni ina son kalmomin nan, ban taɓa jin nauyinsu ba, amma ba na son yaron ya gudu. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya same shi da kansa. Wace kalma ce ta taɓa yi maka rana, wacce ce ta sa ka ji kai baƙo ne?

Ɗan Lissafi

Wa alaikumus salam. Ni dai har gobe ina bayan rubutun dayis. Mun taso da dayis ɗin lido mai fuska shida, amma a nan akwai mai fuska 4, 6, 8, 10, 12 da 20. In ka ce 2d6+3 ka gama magana: jefa masu fuska shida guda biyu, haɗa su, ƙara uku. Gwada faɗin wannan da cikakkiyar jimla sau arba'in a dare ɗaya, kafin a gama yaƙi guda shayi ya huce.

Kuma ba gajarta magana kawai yake yi ba, yana nuna maka abin da ido bai gani. Lokacin da zan zaɓa wa jarumina makami, babban takobi 2d6 ne, babban gatari 1d12. Da farko na ɗauka duk ɗaya ne tunda iyakarsu 12. Rubutun ne ya ankarar da ni. Takobin ba ya taɓa ba da 1, kuma 7 ta fi yawan fitowa, sau 6 cikin 36. Gatarin kuwa kowace lamba daidai take da 'yar'uwarta, yau ka sari dutse ya tsage, gobe ko ƙuda ba ka kashe ba. Na ɗauki takobi. Haka abin da muke kira fifiko a teburinmu, wato ka jefa d20 (mai fuska 20) guda biyu ka ɗauki mafi girma. In 11 ko sama kake nema, damarka ta tashi daga kashi 50 zuwa 75. Ka ba ƙaninka mako uku, da bakinsa zai riƙa faɗa.

Ummin Tebur

Malam Ɗan Lissafi, gaskiyarka, amma ni ba kalmomin lissafi ne suka cece ni ba.

A Ingila na fara wasan nan ina karatu. Mu mata uku da maza biyu, mai jan labarinmu kuma mutumin kirki ne ƙwarai, yakan kwana yana rubuta mana labari. Sai dai duk abin da muka yi, ƙarshensa ɗaya ne. Muka ce za mu bi hanyar kogi, sai gada ta karye. Muka ce za mu sasanta da sarkin 'yan fashi, sai ya ƙi sauraro ba dalili. Wata huɗu ina komawa ɗaki da ɓacin rai, na rasa me ke damuna. Har na fara zargin kaina, na ce ko ni ce ban iya ba, ko Turancina ne bai kai ba.

Wata rana ɗaya daga cikin matan ta ce min, abin nan yana da suna, relrodin ake ce masa. Daga layin dogo aka aro kalmar: jirgi ba ya kauce wa ƙarfen da aka shimfiɗa masa, ku fasinjoji ne kawai. Wallahi ji na yi kamar an sauke min kaya. Ashe ciwon ba nawa ba ne ni kaɗai, har ya yi yawan da aka raɗa masa suna.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda kalmar ta ba mu hanyar yi masa magana. Da za mu ce masa "ba ka iya ba" ko "kana danne mu", da zumunci ya lalace. Sai muka ce, muna jin kamar muna kan dogo, ko za ka sakar mana linzami kaɗan? Ya san kalmar, ya gane nan take, bai ji an ci masa fuska ba. Laifin ya koma kan salon wasa, mutumin ya tsira da mutuncinsa. Mun ƙara shekara biyu tare. Yanzu da na dawo gida ni ke jan labari, kuma na gaya wa 'yan teburina duk ranar da suka ji na ɗora su a dogo su faɗa min.

Tsohon Hannu

Hajiya, Allah ya saka da alheri. Bari in kawo ɗaya gefen, domin na girmi yawancinku a harkar.

Wasan nan Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da shi a Amurka a 1974, kuma daga wasannin yaƙi na kan tebur ya tsiro, shi ya sa bakinsa cike yake da kalmomin soja da alƙaluma. Ni a can na same shi, zamanin fitowa ta biyu ta 1989, lokacin THAC0. Ma'anarta lambar da kake buƙata don ka sami abokin gaba wanda lambar sulkensa, wato AC, sifiri ce. In taka 18 ce, sulkensa 5, sai ka cire, kana neman 13 ko sama a d20. Kuma ƙaramar lamba ita ce sulke mai kyau, abu a juye.

Ranar farko da na shiga wani shagon wasa na tambayi mene ne wannan, wani ya kalli abokinsa suka yi dariya, ba wanda ya amsa min. Na fita, sai da na shekara ban koma ba. Bayanin nan bai fi minti ɗaya ba, ga shi na yi muku shi a layi uku. Sun riƙe shi ne kamar mabuɗin ƙofa. A 2000 da fitowa ta uku ta zo aka jefar da THAC0 gaba ɗaya, aka mai da babbar lamba ita ce mai kyau, wasan kuma bai rasa komai ba. Don haka Mai Jan Zare, ka duba da kyau. Da ƙaninka ya yi shiru, akwai wanda ya juyo ya ce masa ga abin da ake nufi?

Na Yamai

Gaisuwa daga Nijar. Mu nan da Faransanci muka koya. Mai jan labari da kuke kira DM, MJ muke ce masa, NPC ɗinku kuma, wato duk wanda ba jarumin ɗan wasa ba, PNJ ne a wurinmu. Da muka fara wasa ta intanet da wasu 'yan'uwa biyu daga Kano, zaman farko ya watse, kowane tsuntsu yana kukan gidansu. Su DM, mu MJ, alhali duk Hausa muke ji. Sai muka zauna muka raɗa namu. Mai jan labari ya zama "mai gari". Duk wanda ba jarumin ɗan wasa ba, mai sayar da goro ne ko sarki, "mutanen gari". Dokar da muka ƙirƙira da kanmu, "haɗin gida". Abin da ya ba ni mamaki shi ne d20 da 2d6 ba su buƙaci fassara ba, iri ɗaya muke rubuta su a harsunan biyu. Amma ku sani, wanda ya zo mana sabo yau, "mai gari" ma sai an yi masa bayani. Mun bar zaurancen wasu ne muka gina namu.

Auta

Mu metagemin "satar amsa" muke ce masa. Kai ka karanta littafi ka san dodon nan wuta ce maganinsa, amma jaruminka manomi ne bai taɓa ganinsa ba, sai ga shi ya kunna wuta. Da an ce "satar amsa" kowa ya gane, ko wanda ya zo yau, domin duk mun zauna jarrabawa.

Yayar Gida

Ni kalma biyu zan ambata, kuma ba da wasa nake faɗarsu ba: zaman sifiri da katin X.

Zaman sifiri shi ne zaman da ake yi kafin a fara labari, ba a jefa dayis, ana dai yarda kan irin labarin da ake so da abin da ba a so a taɓa. Katin X kuwa wani mai suna John Stavropoulos ne ya ƙirƙiro shi. Takarda ce da aka zana X a ajiye tsakiyar tebur. Duk wanda abu ya yi masa nauyi sai ya taɓa ta, a sauya akalar labari, ba a tambayarsa dalili.

Da aka fara kawo mana shi na ɗauka bidi'ar Turawa ce. Sai wani dare mai jan labari ya sa aka tare ayarinmu a daji, yana kwatanta yadda aka kwantar da matafiya a ƙasa. Wata ƙawata da ke gefena ta miƙa hannu ta taɓa katin, hannun yana rawa. Mai labari ya ce, to, ayari ya isa gari lafiya, aka ci gaba. Ba wanda ya kalle ta. Sai bayan watanni ta gaya min an taɓa tare su a hanya da gaske. A al'adarmu da kawaici da kunya, ba za ta iya buɗe baki gaban maza ta ce a daina ba. Da babu katin, da ta haɗiye, ta tafi, ba za mu sake ganinta ba. Har yau tana teburinmu.

Mai Jan Zare

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba Tsohon Hannu, amsar tambayarka ita ce babu wanda ya juyo, har da ni. Na kira yaron ɗazu na ba shi haƙuri, ya yarda zai dawo Asabar. Na rubuta masa kalmomi shida a bayan takardar jaruminsa, kuma zan zaunar da shi kusa da ni. Zaman sifiri ma ba mu taɓa yi ba, da shi za mu fara. Yayar Gida, katin nan a tsakiya kuke ajiye guda ɗaya, ko kowa da nasa a gabansa? Teburinmu dogo ne, na ƙarshe hannunsa ba zai kai ba.